Shin Ƙiba Tana Kisa? Gardamar Masana da Aikin Nas

A shekarar 2004 masanan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka ƙiyasta cewa rashin cin abinci mai kyau da rashin motsa jiki suna halaka mutum 400,000 duk shekara a ƙasar. A 2005 Katherine Flegal, ta wannan hukuma ɗin dai, ta ce mace-macen da za a jingina wa ƙiba kimanin 112,000 ne. Har ma ta gano cewa masu matsakaiciyar ƙiba ba sa mutuwa kamar marasa ita. Nan fa gardama ta ɓarke.

Walter Willett na Jami'ar Harvard ya ce akwai kuskure a lissafin. Hujjarsa ita ce, taba sigari da doguwar jinya suna ramar da mutum kafin su kashe shi. In aka cuɗa irin waɗannan cikin sirara, sai a ga kamar ƙiba garkuwa ce. A ganina hujjar tana da ƙarfi.

Tushen matsalar kuwa shi ne, ba kasafai ƙiba take kisa da sunanta ba. Hawan jini take jawowa, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, su ne ake ambata ranar jana'iza.

To, a Mada ko ƙauyukan Tsafe da Bungudu, inda galibi ake binne mamaci ba tare da an rubuta dalilin rasuwarsa ba, wa zai yi irin wannan ƙidaya? Ga shi kuma tumbi alamar wadata ce a wurinmu. Wasu mata har ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" suke haɗiya, alhali wasunsu suna tayar da jini da sukari.

Nas mai kula da lafiyar jama'a ita ce kan gaɓar. Uwar da ta kawo yaro mai tamowa awo, ita ma ana iya ɗora ta a sikeli, a gwada jininta, tun kafin ciwo ya kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.

Ɗalibi ma zai iya lissafin: a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.7 zai sami 31, wato ya haura 30, iyakar ƙiba. In babu sikeli, tef ɗin tela ya wadatar: kada zagayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum.