Yadda Za Ka Horar da Sabbin Haƙoran Aksul na Motar Ƙungiya

Ya kai manomi, da kai direban ƙungiya, ku saurara. Tun da aka kafa kamfanin auduga na SOTOCO a 1974, har NSCT ta gaje shi a 2009, aikin auduga a Togo a kan mota yake tafiya. Mota ce ke kai iri da takin zamani da maganin ƙwari ƙauye, ita ce ke kai malamin gona. In ta kwanta a lokacin shuka, taki ya makara, to, an yi hasarar shekara.

Ka leƙa ƙarƙashin motar, irin su Hilux ko Land Cruiser. Za ka ga wani tulun ƙarfe a tsakiyar aksul na baya, da wani a gaba. Shi ne makanikai ke kira difaransiyel. A cikinsa akwai ƙaramar giya da ke juya babba, haƙoransu na cizon juna cikin mai. Shi ke raba ƙarfin inji ga ƙafafu, ya bar ta waje ta fi ta ciki juyawa in an sha kwana.

Sabbin haƙora ba su san juna ba tukuna. Fuskarsu tana da ɗan kaushi, saboda haka suna goga da ƙarfi, suna ta da zafi ƙwarai. In zafi ya yi yawa, mai ya tsinke, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe, haƙora su ci juna. Daga nan sai kuka, sai a sake sayen wasu da kuɗin jama'a. Ka san ba a ɗaura wa sabon sa garma ya yini yana huɗa ran farko. Haka sabbin haƙora suke.

Ga inda ake yawan ɓata su. An gyara mota a Lome ko nan Bagida, mutanen ƙauye suna jira, sai a loda mata buhunan taki a kama hanyar arewa a ranar. Kada ka yarda da wannan, ko wa ya matsa maka. Ga yadda za ka yi.

Na ɗaya. Kafin ka bar gareji, ka tsaya a zuba mai a gabanka. Man giya ake so mai lamba GL-5, kamar 80W-90, ko wanda littafin motar ya faɗa. Ba a sa man inji. A zuba har ya kawo bakin ramin zubawa, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Ka kuma tambayi bakanike ko haƙoran gaba da na baya lissafinsu ɗaya ne, gama in sun saɓa, za su yi ta ja da juna duk sa'ad da ka sa ƙafa huɗu.

Na biyu. Tafiyar fari ba kaya. Ka yi minti 15 ko 20 a hankali, kada ka wuce kilomita 80 a awa, kada ka fizgi mota. Hanyar Bagida zuwa Aneho ta isa wannan. Sa'an nan ka tsaya kamar rabin awa, tulun ya huce. Ka yi haka sau uku. Ka kai hannu kusa da shi da hankali. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in kana jin ƙaurin mai, ka koma wurin bakanike.

Na uku. Har ka cika kilomita 800, watau kamar zuwa Kara daga Lome da komowa, kada ka ja tirela, kada ka cika mata kaya, kada ka ja wata mota daga taɓo. Ka riƙa sauya gudu, kada ka daɗe a kan gudu ɗaya. Hawan duwatsun Aledjo da na Defale da kaya ba aikin sabbin haƙora ba ne.

Na huɗu. In an sake na gaba ma, ka sani ba su ɗaukar nauyi sai ka sa ƙafa huɗu. Ka nemi hanyar ƙasa ko ta tsakuwa, ka sa, ka yi 'yan kilomita a hankali, ka huta, ka sake. Kada ka yi wannan a kan kwalta busasshiya, domin taya ba ta samun sulɓi, sai ƙarafa su ɗaure. Kada kuma ka shiga rairayi mai zurfi na bakin teku, wahalarsa ta yi musu yawa.

Na biyar. Da cikar kilomita 800, ka zubar da man fari tun yana da ɗumi. Ka duba maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa. In ka ga laushin gari toka-toka kamar kwalli, wannan al'ada ce, ka goge. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji, lalle a buɗe a duba. Sa'an nan a zuba sabon mai. Ran da za ka fara jan kaya mai nauyi, ka tsaya bayan kowane kilomita 25 ya huce, har sau biyu ko uku.

Da damina kuwa, in ka ratsa rafi ruwa ya rufe aksul, ka duba mai. Tulu mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashinsa. Man da ya koma fari kamar nono ya ɓaci, a zubar nan da nan.

Ka rubuta ranar gyara da lambar kilomita a littafin mota, ka nuna wa shugaban ƙungiya, domin kowa ya san ranar da za a fara lodi. Mafi kyau a yi wannan gyara da rani, bayan an gama kai auduga gidan gurza, tun ba a fara rabon taki ba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.