Akwatin Wasiƙa Na Jami'a Aro Ne

Da can, in ɗan Arewa mazaunin Sabo ta Ibadan ko Agege ya nema wa ɗansa makaranta, lambar akwatin gidan waya ta maigidansa yakan bayar, a zauna ana sauraron takarda. Yau kuwa akwatin ya koma cikin wayar hannu, watau imel, wanda wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya fara aikawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta cikin 1971.

Jami'o'i da dama a ƙasar nan suna buɗe wa malamansu da ma'aikata da ɗalibai adireshi mai ɗauke da sunan makarantar. Na Jami'ar Ibadan yana ƙarewa da ui.edu.ng, na Ahmadu Bello ta Zariya abu.edu.ng, na Bayero ta Kano buk.edu.ng. Lalle wannan adireshi yana da daraja, domin malamin da ya aika da bincikensa zuwa wata mujalla a Ingila da shi, an fi saurin gaskata shi bisa ga wanda ya aiko ta Gmail ko Yahoo, waɗanda kowa ke iya buɗewa da kowane suna.

Amma fa akwatin aro ne. Sau da yawa ba makarantar ce ke ajiye wasiƙun a ɗakinta ba, kamfanin Google ko Microsoft ne ke riƙe mata, mabuɗin kuwa yana hannun hukumar makaranta. Ran da ɗalibi ya gama, ko ma'aikaci ya ajiye aiki, tana da ikon rufewa da duk abin da ke ciki. Har ila yau, daga watan Yuli na 2022, Google ta daina bai wa makarantu wurin ajiya marar iyaka, ta ƙayyade wa kowace makaranta terabait 100, mutanenta su raba tsakaninsu.

Saboda haka ɗalibi yana bukatar adireshi biyu: na makaranta domin harkar karatu, da nasa na kansa wanda zai bi shi har tsufa. Na kansan shi ya kamata ya bai wa hukumar JAMB, da kuma NYSC lokacin rajistar bautar ƙasa.

Inda aka fi yin asara shi ne shagon kwamfuta. Uba yana fama da kasuwa, sai ya tura yaro a cika masa takardu, mai shago ya buɗe adireshin, ya riƙe kalmar sirrin, ya kuma sa lambar wayarsa. In mai shagon ya tashi daga unguwar, saƙon makaranta yana isowa, amma ba mai iya buɗe akwatin.