Kwangila Ta Koma Takarda: Halin Da Masu Neman Aikin Gwamnati Su Ke Ciki

A zamanin da kuɗin man fetur su ka fara kwararowa cikin ƙasar nan, ɗan kwangila ba ya bukatar ofis ko akanta. Abin da ya ke bukata shi ne jaka ta hannu, da mota, da sanin wani babba a ma'aikata, sai kuma kashi goma na wanda ya sa baki. Kowa ya san inda wannan hanya ta kai mu. A cikin 1975 aka wayi gari jiragen ruwa fiye da 400 sun yi cirko-cirko a bakin tashar Ikko, yawancinsu ɗauke da siminti, domin Ma'aikatar Tsaro ita kaɗai ta yi odar tan miliyan 16. Siminti ya daskare a cikin jirage, gwamnati kuwa tana ta biyan kuɗin jira.

Gyara bai zo da wuri ba. Sai bayan da mulki ya koma hannun farar hula a 1999 ne gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta gayyaci Bankin Duniya ya bincika yadda a ke ba da kwangila, a 2001 kuma aka buɗe ofishin bin ƙa'ida a fadar Shugaban Ƙasa. Ranar 4 ga Yuni, 2007, Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan dokar sayen kayan gwamnati, wadda ta kafa hukumar nan ta BPP. Daga nan ne sana'ar ta fara sake kama.

Bisa ga wannan doka, babban aiki sai an yi tallarsa a jaridun ƙasa guda biyu aƙalla. Mai nema zai kawo ambulan biyu a manne: ɗaya na takardun kamfani da shaidar iya aiki, ɗaya na farashi. Ana fara buɗe na farko a gaban jama'a, wanda kuma ya faɗi a nan, ba za a ko duba farashinsa ba, kome arharsa. To, a nan ne ƙananan 'yan kwangila su ke zubewa. Ana neman takardar rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara 3, da lissafin kuɗin kamfani wanda akanta ya tantance, da satifiket na hukumar fensho, da na asusun horar da ma'aikata watau ITF, da na asusun diyyar ma'aikata watau NSITF, da shaidar shiga kundin BPP, har da takardar rantsuwa daga kotu. Yawancin waɗannan takardu kuwa ranar 31 ga Disamba su ke mutuwa. Saboda haka magini wanda ya shekara 20 yana gina azuzuwa ba tare da ko ɗaya ya tsage ba, yana iya rasa aiki a watan Maris don kawai satifiket guda bai fito ba, alhali wani kamfani da bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba ya wuce, tun da shi takardunsa sun cika.

Kada a ɗauka takardun nan banza ne. Da su ne gwamnati ta ke tilasta wa kamfanoni biyan haraji da ajiye wa leburori kuɗin fensho, abin da a da babu mai tunaninsa. Illa dai nauyinsu ba ɗaya ba ne a kan mai ma'aikata 500 da mai ma'aikata bakwai.

Sauyi na biyu shi ne shigowar kwamfuta. A 2015 aka tattara kuɗin Gwamnatin Tarayya a asusu guda a Babban Banki, biyan ɗan kwangila kuwa ta waya a ke yin sa, kai tsaye zuwa asusun kamfaninsa. Daga 2018 kuma wani shiri na Bankin Duniya ya riƙa ba jihohi tukuici idan sun kafa dokar kwangila, sun kuma fara karɓar takardun nema ta intanet. Jihar Kaduna, wadda ta yi tata dokar a 2016, tana cikin na gaba-gaba. Amfanin wannan a fili ya ke: mutumin Birnin Gwari yana iya ganin talla rana ɗaya da mutumin da ke zaune kusa da ma'aikata. Amma kwamfuta ba ta san “a yi haƙuri” ba. Idan ƙarfe 12 ta buga, ƙofa ta rufe, ko da wuta ce ta ɗauke.

Akwai kuma maganar fifita kayan gida. An ba da umurni a kan haka a 2017 da 2018, a watan Mayu na 2025 kuma Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar sa Nijeriya a gaba, wadda ta hana ma'aikatu sayen kayan waje matuƙar ana yin irinsu a gida, sai da izinin BPP. Masaƙu da masu ƙera kujeru da takalma su ne ya kamata su ci moriyar wannan, in har an bi.

Sai dai abin da ya fi hana 'yan kwangila barci a 'yan shekarun nan shi ne kuɗi. Dokar 2007 ta ƙayyade kafin alƙalami a kan kashi 15 cikin 100, gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga kamfanonin gida. Amma ba a ba da shi sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora, banki kuwa ba ya tsaya wa wanda ba shi da kadara. Ga kuma faɗuwar Naira. Kafin Yunin 2023 ana canjin Dala a kan kimanin N460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haye N1,500. Buhun siminti da a ke saye wajen N5,000 ya kai N10,000 a wurare da dama. Doka ta ce a ba mai mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda su ka cika sharuɗɗa, to wanda ya matse farashinsa don ya ci tanda a farkon 2023 ya tarar ya sayo wa kansa hasara. Wasu sun nemi a sake lissafi, wasu sun gudu sun bar gini a linta. Har ila yau doka ta ce biyan da ya wuce kwana 60 jinkiri ne wanda ke jawo ruwa a kan ma'aikata, amma da wuya a ga ɗan kwangilar da zai nemi wannan hakki daga wurin da ya ke fatan samun aiki baɗi.

Tsofaffin dabaru ba su mutu ba, sun dai sake riga. Ana tsinka babban aiki gunduwa-gunduwa don kada ya kai matsayin da za a kai shi gaba, ko mutum ɗaya ya shigo da kamfanoni uku su yi takara da juna. Majalisar ƙoli da dokar 2007 ta ce a kafa don sa ido a kan sha'anin ta shafe fiye da shekara 10 ba a rantsar da ita ba.

Duk da haka wanda aka zalunta yana da ƙofa, sai dai ƙanƙanuwa ce kuma tana da lokaci. Yana da kwanakin aiki 15 ya rubuta kuka ga shugaban ma'aikatar. In bai gamsu da amsa ba, yana da kwanakin aiki 10 ya kai ga BPP, ita kuma ta yanke hukunci cikin kwanakin aiki 21. Bayan haka sai Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 30.