Taya ta sace a tsakiyar hanya: abin da ya kamata kowane mai keke ya sani

Da sanyin safiya a birnin Damagaram, kekuna na cikin abubuwan hawa da ke fara fita kan titi. Ɗalibai ne masu sauri kada a rufe ƙofar lakkwal, da masu kai burodi, da ƴan kasuwa da suka ɗaure kaya suka nufi Kasuwar Dole. Keke ba ya shan mai, amma ƙaya ɗaya ta isa ta mayar da mai shi ɗan tafiyar ƙasa. Ga ɗalibi, hakan na nufin rasa darasin farko. Ga mai talla kuwa, cinikin safe ne ya tafi.

Ƙaya, ƙusa da ƙarancin iska

A Maraɗi da Damagaram da Tawa, babban abokin gabar taya shi ne ƙaya: ta aduwa, ta bagaruwa, ta magarya, da kuma tsaidau mai yaɗuwa a ƙasa bayan damina. A cikin gari sai a ƙara da ƙusoshi da fasassun kwalabe.

Sai dai ba kowane faci ne laifin hanya ba. Robar cikin taya tana rage iska a hankali ko da babu huda. Idan taya ta yi laushi aka faɗa rami ko aka hau dutse, ƙarfen taya yakan matse robar ya yi mata huda biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Wannan ya fi samun masu ɗaukar kaya mai nauyi ko goyon mutum. Maganinsa famfo ne: a matsa taya da babban yatsa kowace safiya, a ƙara iska a kalla sau ɗaya a mako. Yawan iskar da taya ke buƙata yana rubuce a gefenta.

Wuce gona da iri ma matsala ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma iska tana buɗewa idan ta ji zafi. Tsohuwar taya da aka cika ƙam aka bari a rana tana iya fashewa.

Yadda ake faci mai ƙarko

Aikin mai faci a gindin bishiyar dogon yaro ba shi da wani sirri. Yakan fara duba bawul, ya ɗan shafa masa ruwa, domin sau da yawa ta nan iskar ke gudu. Idan ba shi ba ne, sai ya fito da robar ciki, ya hura mata iska, ya tsoma ta cikin bokitin ruwa. Inda kumfa ya taso, nan hudar take.

Daga nan sai ya busar da wurin, ya goge shi har ya yi kaushi, ya shafa sholisho kaɗan. A nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Dole a bar sholisho ya sha iska kamar minti 5 kafin a manna faci a danne shi sosai. Wanda aka manna da ɗanyen sholisho ba ya daɗewa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: a zaga da yatsa a hankali cikin tayar a nemo ƙayar da ta yi ɓarnar. Idan aka bar ta, sabuwar huda na jira kafin a kai kwana ta gaba. A kuma duba kyallen roba da ke rufe kawunan wayoyin taya, domin idan ya yage su ma suna huda robar daga ciki.

Tsohuwar matsala

Wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ne ya haɗa tayar iska a birnin Belfast a 1888, saboda keken ɗansa. A 1891 ƴan uwa biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a gyara cikin ɗan lokaci. Tun daga lokacin tsarin faci bai canza sosai ba.

Bambancin yana wajen kuɗi. Ɗan Nijar da ke hawa keke a Turai ya san cewa a can ladan mai gyara yana da tsada, shi ya sa mutane ke koyon yi da kansu ko su sa sabuwar roba. A gida kuwa roba ɗaya kan sha faci sau da dama kafin a jefar da ita, kuma wannan ƙaramar sana'a tana ciyar da iyalai.

Amma mai faci ba ya ko'ina. Wanda dare ya yi wa a hanyar Tibiri ko Mirriya ba zai same shi ba. Ƙaramin famfo, faci biyu ko uku, sholisho da ƙarfen ɓanɓare taya duk suna shiga jaka ɗaya a ƙarƙashin sirdi. Da su, abin da zai ci rabin yini yana ƙarewa cikin minti 15.