Kamun Kifi Lokacin Sanyi

In kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, mutane da yawa na ƙasar Gangara da Gazawa da Agye sukan ɗauki ƙugiya su nufi tabki. Ruwan damina bai ƙafe ba tukuna, kifin da ke ciki kuwa ya yi girma. Amma daga watan Disamba zuwa Fabrairu sai ka ji ana kuka: mutum ya wuni bakin ruwa, ya komo gida ba ko na miya. Wasu su ce kifi ya ƙare. Wasu su ce an yi wa tabkin baki. A'a, kifi yana nan. Sanyi ne ya kama shi.

Ga dalili. Jikin mutum yana da ɗuminsa, ko ana hunturu ko ana bazara. Kifi ba haka yake ba. In ruwa ya yi ɗumi, jikinsa ya yi ɗumi. In ruwa ya yi sanyi, shi ma ya yi sanyi, ƙarfinsa ya ragu, abinci ya daɗe a cikinsa bai narke ba. Saboda haka ba ya jin yunwa sosai, kuma ba ya son wahalar bin abinci. Cikin watan Janairu, sanyin asuba a jihar Maraɗi yakan sauka wajen digiri 13 a ma'aunin zafi. Karfasa kuwa, in ruwa ya yi ƙasa da digiri 17, kusan ta bar ci ke nan.

To, tun da kifi ya sake hali, sai masunci ya sake dabara.

Mu fara da ƙoto, wato abincin da ake sa wa ƙugiya. Da damina kana iya saƙala babban yanki, tarwaɗa ta haɗiye gaba ɗaya. Da sanyi sai ta taɓa kawai ta wuce. Ka rage girman ƙoto, ka sa ƙugiya ƙarama da zare siriri. Rabin tana ya fi tana guda. Fara ɗaya ƙarama ta isa, a cire mata fiffike da ƙafafu.

Kowane kifi da abin da ke jawo shi. Tarwaɗa ba da ido take neman abinci ba. Gashin bakin nan nata da shi take lalube, kuma tana jin wari daga nesa. Don haka a ba ta abu mai wari: hanjin kaza da ya kwana, ko ɗan yankin hanta, ko ƙaramin kifi da aka tsaga. Wari ba ya yaɗuwa da sauri cikin ruwan sanyi, shi ya sa sai an yi haƙuri. Ka jefa, ƙoto ya kwanta ƙasa, ka bar shi. Mai ɗaga ƙugiya kowane minti yana dubawa, shi ke korar kifinsa da kansa. Karfasa ita dusa take so. A dama dusar gero da ɗan ruwa, a zuba kaɗan wuri guda kwana 2 ko 3 a jere, har ta saba da wurin. Kaɗan fa! In ka zuba da yawa ta ƙoshi, ba ruwanta da ƙugiyarka.

Sai giwan ruwa, wanda ake samu a manyan ruwaye irin su kogin Kwara da tabkin Cadi. Shi mafarauci ne, kifi mai rai yake ci. Da zafi yana bin ƙananan kifaye a guje. Da sanyi sai ya laɓe gindin kututture ko dutse, yana jiran wanda ya rame ya zo kusa. A sa masa ƙaramar karfasa mai rai, a kai ta dab da maɓoyarsa. A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wani mafarauci irinsa, ana ce da shi maski, tsawonsa yakan wuce mita 1. Can ruwa har ƙanƙara yake yi. In ƙanƙara ta narke aka buɗe su, ruwa da sauran sanyi, masunta sukan ɗaura ƙaramin kifin roba ko na katako, suna jan shi a hankali, su tsaya, su sake ja, kamar kifi mara lafiya. Ka ga dabarar ɗaya ce da tamu.

Lokacin fita ma ya sake. Mun saba da sammako, amma da hunturu asuba ce ruwa ya fi sanyi. Gara mutum ya yi aikinsa na safe, ya je tabki bayan azahar, ya tsaya har rana ta kusa faɗuwa. A lokacin bakin ruwa mara zurfi ya sha rana, karfasa ta taso shan ɗumi cikin ciyawa. Ka nemi gefen da iska ba ta bugawa, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa. In dole sai da safe za ka fita, to ka jefa wuri mai zurfi, don can sanyin dare bai cika kaiwa ba. Haka yake a tabkin Madarumfa da ba ya ƙafewa, haka yake a guraben ruwan da gulbin Maraɗi ke bari wajen Gidan Rumji bayan ya tsaya da gudu.

Akwai waɗanda in ƙugiya ta ƙi, sai su zuba maganin ƙwari cikin ruwa, ko su ja gidan sauro su kwashe har ƴan ƙanana. Dokar su ta Nijar ta hana zuba guba, ma'aikatan gandun daji suna kama mai yi. Ruwan nan shi shanu da awaki ke sha, kifin kuma cikin tukunyar maƙwabci zai shiga.

Wajen ƙarshen Fabrairu iska takan kwanta, ruwa ya fara ɗumi. Nan za ka ga gora tana nutsewa da ƙarfi, ba ɗan motsi kawai ba. To, lokacin babbar ƙugiya da sammako ya komo.