Ranar da Doka Ta Rufe Hanya

A ƙarshen watan Agusta 2021, Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Motocin haya kuwa aka hana su bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai dai su zaga ta Funtuwa. An yi haka ne domin a takura 'yan bindiga, amma manomi da majinyaci su ma sun ji a jikinsu.

Mu a Sundimina mun san darajar hanya. Ita ke kai hatsinmu kasuwa, ta kai mai naƙuda asibitin Birnin Kudu. 'Yan'uwa, roƙonmu ga hukuma ɗaya ne: kafin a rufe hanyar ƙauye, a saurari waɗanda ba su da wata.