In Motar Proje Ta Tafi, Wa Zai Riƙe Aikin?

Ɗan'uwa manomi, ka sha ganin motar proje ta shigo gari da ƙura, an yi taro gindin tsamiya, an rubuta sunaye. Bayan shekara 3 ko 5 kuɗi su ƙare, mota ta koma Yamai. Sai a bar maku rijiya, ko bankin cimaka, ko dashen itace. Daga ranar nan, wa ke da aikin?

Saurari abin da ya faru a ƙasar Maraɗi. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM, ya lura cewa kututturan da muke sarewa duk bazara suna da rai. In an bar tsiro kaɗan aka gyara su, sai su zama icce. Shi ne sassaben zamani. Da yunwar 1984 ta zo, wadda ake kira El-Buhari, aka riƙa ba mutane abinci don su bar itace cikin gonakinsu. Suka bari. Amma da rabon abinci ya tsaya, aka sare mafi yawan itatuwan. Kada mu zarge su da yawa: don hatsi suka yi, ba don icce ba.

Waɗanda suka riƙe nasu, su ne suka ga amfani. Iska ta daina binne masu shuka, mata suka samu itacen wuta kusa, bisashe suka samu ƴaƴan gawo. Maƙwabci ya gani, ya tambaya, aka nuna mashi, ba a biya kowa ko dala ba. Haka abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200.

Sai dai icce ba ya tsare kansa. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari sun kafa komitin tsaro, da maza da mata, har da Fulani makiyaya. Suna kewaya gonaki, sun sa doka, wanda ya sari iccen wani da dare a ci shi tara. Sa makiyayi cikin komiti dabara ce babba, don wanda aka yi shawara da shi ba ya zuwa da gatari.

To, kai da ka gama yaƙi da jahilci, ga wurinka. Tafiyar da proje sana'a ce, kuma ba sai mai digiri ke iya ta ba. Gayya ta koya mana kiran jama'a da ganga, amma gayya ta yini guda ce. Aikin shekaru yana son littafi. Rubuta abin da aka shirya, da ranar da za a yi shi, da sunan wanda ya ɗauka. Rubuta buhu nawa ya shiga banki, nawa ya fita, wa ya ci bashi. Karanta shi gaban jama'a duk wata, da ƙarfi, mata na ji. Kuɗin komiti kada ya kwana aljihun mutum guda. Mai riƙe makulli daban, mai riƙe littafi daban.

Wani abu kuma da ake jin kunyar faɗi: ɗan sa-kai yana gajiya. Shi ma yana da gona, yana da iyali, wata rana zai tafi cirani. Saboda haka tun ma'aikatan proje suna nan, ku nemi a koya ma mutum biyu ko uku kowane aiki, kuma ku tambaye su inda ake sayen kayan gyaran famfo da farashinsu. Ku rubuta amsar cikin littafin gari kafin mota ta tashi.